Idon Bashe

Shekara goma sha tara bashena
tana kallon dare da idanu rawaya
kamar mai ciwon shawara.
Da su muka haddace hanyar Tawa zuwa Abalak:
ramin bayan Tabalak mai cin taya,
kwanar da raƙuma ke kwanciya bisa gudurun
suna shan ɗumin da rana ta bari.

Bara hasken ya soma ja da baya.
Na wanke gilas da omo, na goge da toka,
na sake batir, na zagi dinamo.
Na ce wa Agali, yaron motata,
"Fitilun nan sun tsufa."
Ya ce, "To, maigida," ya kau da kai.

Arzika mai wutar mota, can bayan tasha,
ya buɗe kwali kamar na sabulun wanka.
"Led ke nan, jiya ya sauka daga Yamai.
Ba zare a cikinsa balle ya tsinke,
ba ya shan batir,
ga 'yar fanka a ƙeya tana masa fifita
kamar ɗan auta a zafin bazara."
Jikka goma sha biyu.
Na ja ciniki har la'asar,
ya rage guda, yana rantsuwa ya faɗi.

Ya zaro tsohon ƙwan da tsumma, ya miƙo mini.
Da sauran ɗumi a jikinsa,
da tabon hayaƙi a kumatu.
Na kasa jefarwa. Na sa aljihu.

Bayan magariba muka juya hancinta ga katangar garaj.
"Kunna!"
Katanga ta yi fari fat,
tsaka biyu suka sandare a inda suke,
mai shayi ya kare fuska da murfin tukunya.
Arzika ya ja layi da gawayi,
ya murɗa, ya murɗa, har hasken ya rusuna.
"Kar ya wuce nan.
In ka ɗaga masa kai, bayin Allah za ka makantar,
su raka ka da baki har Agadas."

Daren Laraba, buhu talatin na gero,
ga albasa a sama, ga akuyar wani a ɗaure.
Muka fita gari.
Agali na ta murna kamar shi ya biya:
"Jaki a dama!"
"Amalanke, maigida, amalanke!"
Ni kuwa nono nake gani an kifar a hanya,
fari, ba gefe, ba tsakiya,
kowace fitila mai zuwa ta yi gida kamar wata.

Na sauka gefe. Na kashe inji.
Na ce, "Arzika ya cuce ni."

Akuya ta yi kuka. Ƙarfe na ta hucewa, ƙis, ƙis.
Yaron ya daɗe yana wasa da maɓallin rigarsa.
"Maigida, daga nan ina ƙirga ƙayar aduwar can.
Ga kunama tana ƙetarewa, da 'ya'ya a bayanta.
Tun bara nake son in faɗa.
Ba fitila ba ce."

Ban amsa ba.
Na zagaya ta gaban mota ina dafa bonet,
hasken jikka sha ɗaya na dukan gwiwoyina,
na buɗe ƙofar da ban taɓa shiga ba.
Kujerar dama tana da rami a tsakiya,
shekara shida yana zaune a kai, bai taɓa faɗa mini ba.

Likita a Tawa ya ce yana ce, ido biyu.
Na tambaye shi ko akwai led na mutum.
Ya yi dariya, ya ce akwai,
sai dai a nan ba a ciniki.
Talata mai zuwa, ido na hagu.

Kafin nan Agali ke tuƙi, yana ba ni labarin hanya.
Ni ina gaya masa inda ramuka suke
tun hasken bai kai gare su ba,
hannuna a aljihu,
tsohon ƙwan na gogar ɓarin goro.